Daga Accra zuwa Cape Coast da Elmina a Mota: Tambayoyi da Amsoshi kan Tafiyar Ƙarshen Mako

Duk lokacin da wani ɗan'uwa ya sauka Accra don taro ko kasuwanci, ya ga yana da Asabar da Lahadi a hannu, tambayoyin da yake yi mini kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsar da nake bayarwa, bisa abin da na gani a tafiye-tafiyen da na yi a wannan hanya.

Kwana biyu sun isa mutum ya ga Accra kuma ya je gaɓar teku?

Sun isa idan ka haɗa da yammacin Juma'a, kuma ka yarda tun farko cewa ba komai za ka gani ba. Ni yadda nake raba su: Juma'a ta Accra ce, daga sallar Juma'a har dare. Asabar da asuba a kama hanyar yamma, a wuni a Cape Coast, a kwana can ko a Elmina. Lahadi da safe a shiga Elmina, bayan azahar a juyo.

Akwai masu zuwa su dawo a rana ɗaya. Ana yi, amma ban taɓa ba kowa wannan shawara ba. Za ka kwashe awa bakwai ko takwas a cikin mota, ka shiga gidajen da Turawa suka riƙa tsare bayi a guje kana duba agogo, alhali wuraren nan ba na gaggawa ba ne. Su ne dalilin tafiyar, kuma mutum yana bukatar ya zauna shiru bayan ya fito daga cikinsu.

Nisan nawa ne, kuma awa nawa ake yi?

Daga Accra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 145 ne a kan babbar hanyar N1, wadda ke bin gaɓa har iyakar Kwaddibuwa. Daga Cape Coast zuwa Elmina bai kai kilomita 15 ba. Idan hanya a buɗe take, awa uku sun kai ka. Idan ka makara, ka shirya wa huɗu ko biyar.

Abin da ke cin lokaci shi ne fita daga Accra: daga mahaɗar Mallam, ka wuce Weija, ka shiga Kasoa. Sunan Kasoa ɗin nan "kasuwa" ne na Hausa da bakin mutanen wurin ya sauya, kuma garin ya ci sunansa, don tun daga bakin titi ake ciniki. Na taɓa barin masauki ƙarfe takwas na safiyar Asabar, ina ganin ai babu ma'aikata a hanya. Na manta cewa Asabar ce ranar jana'iza a kudancin Ghana. Motoci cike da mutane sanye da baƙi da ja suka cika titi, sai kusan sha ɗaya na bar Kasoa a baya. Tun daga ranar, da na idar da sallar asuba nake tayar da mota.

Ka tuna agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

In tuƙa da kaina ko in ɗauki mota da direba?

A hannun dama ake tuƙi a Ghana tun 1974, saboda haka wanda ya saba da titunan Kano ko Maraɗi ba zai ruɗe ba. Idan za ka tuƙa da kanka, ka zo da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, ka tabbatar takardun motar da inshorarta suna cikinta, domin akwai shingayen 'yan sanda a hanya. Gaisuwa da fara'a suna sauƙaƙa komai a shingen, kamar ko'ina.

Yawancin masu ba da hayar mota a Accra sun fi son su haɗa ka da direba, kuma ga baƙo na farko wannan ya fi. Hanyar tana da wuraren da layi ɗaya ne kowane ɓangare, ga manyan motoci, ga ƙananan bas-bas da ake kira torotoro suna tsayawa inda suka ga dama, ga tudun rage gudu a kusan kowane ƙauye. An san ta da haɗari, musamman wajen masu wuce mota a kwana. Abu guda da zan ja kunnenka a kai: ku yi magana a fili tun kafin a tashi kan wanda zai sayi mai, da kuɗin kwanan direba da abincinsa. Wata rana wani mai haya ya ce mini "komai na ciki", sai da muka isa Elmina da dare direban ya tambaye ni inda zai kwana. Ba laifinsa ba ne, shi ma ba a gaya masa ba. Na kama masa ɗaki, amma da an rubuta tun farko da ba a kai ga haka ba.

Me zan gani a Accra a yammacin Juma'a?

Ka fara da Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021. Ginin irin na Daular Usmaniyya ne, da kubbobi da dogayen hasumiyoyi huɗu. Daga nan Nima da Mamobi suna kusa, kuma da ka shiga za ka ji Hausa ta ko'ina, wadda ta sha ruwan Ghana ta ɗauki wani launi nata. Dattawan zango har yanzu "Ankara" suke kiran birnin.

Bayan la'asar ka gangara bakin teku. Dandalin tunawa da Kwame Nkrumah yana wurin da ya tsaya ya shelanta 'yancin kan ƙasar a ranar 6 ga Maris 1957, kuma a nan kabarinsa yake. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023. Gaba kaɗan akwai Dandalin Baƙin Tauraro, inda ake faretin ƙasa. Ta ɗaya ɓangaren kuma tsohuwar unguwar Jamestown ce, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, da ganuwar James, wato gidan tsaro da Ingilishi suka gina a 1673, da ta Ussher wadda asalinta ta mutanen Holan ce. Unguwar masunta ce ta ƙabilar Ga, kuma daga Bukom da ke maƙwabtaka da ita Azumah Nelson ɗan damben duniya ya fito.

Kasuwar Makola kuwa ka bar ta sai wata zuwan. Da mota ba a shiga ta cikin daɗi, kuma rabin wuni take ci.

Akwai inda ya kamata a tsaya a hanya?

Akwai da yawa, amma kada ka biye musu duka. Bayan Kasoa za ka wuce Buduburam, inda 'yan gudun hijirar Laberiya suka zauna tun 1990. Sai mahaɗar Winneba, inda matafiya ke tsayawa shan ruwa da kama ruwa. Mankessim babbar kasuwa ce kuma cibiyar tarihin ƙabilar Fante. Akwai cunkoso a shataletalenta, ka yi haƙuri da shi. Daga Saltpond teku take fara bayyana ta hannun hagu, tsakanin itatuwan kwakwa.

Idan tsayawa ɗaya za ka yi, ka yi ta a Abandze, inda ganuwar Amsterdam take a kan tudu, ko a Anomabo inda ganuwar William take a tsakiyar gari. Ba su da cunkoson masu yawon buɗe ido, kuma a nan ne mutum yake fara gane cewa ba gida ɗaya ko biyu ba ne: gaɓar Ghana cike take da irin waɗannan gine-gine, kusan kowane gari da nasa. Hukumar UNESCO ta sa su gaba ɗaya cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Mene ne bambancin gidan bayi na Cape Coast da na Elmina? Ɗaya bai isa ba?

Idan lokaci ya ƙure, ɗaya ya isa. Idan da hali, ka shiga duka biyun, don kowanne da abin da yake nunawa.

Na Elmina shi ne babba a shekaru. Mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su da farko. Sunan garin ma daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adini ya samo asali, mutanen gari kuwa Edina suke cewa. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa, daga baya suka gina ganuwa a kan tudun don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. A 1872 ya koma hannun Ingila. A cikinsa Turawan Ingila suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar.

Na Cape Coast mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka riƙe shi, ya zama cibiyar mulkinsu a gaɓar. Garin ne babban birnin mulkin mallaka har 1877 da aka mayar da shi Accra. Barack Obama ya ziyarce shi da iyalinsa a 2009.

Waɗannan shekaru duk za ka ji su daga bakin mai rakiya. Abin da ba ya shiga kunne sai an shiga da ƙafa shi ne kurkukun maza na Cape Coast. Gangara ce mai santsi zuwa ƙarƙashin ƙasa, haske yana raguwa har ya ƙare. Ɗakunan dutse ne, da 'yar taga can sama wadda hannu ba ya kaiwa, da wata 'yar kwata a tsakiyar daɓe. Mai rakiyarmu ya nuna mana inda aka kankare ƙasa aka tarar da bulo a ƙarƙashi, ya ce abin da muke takawa a sama ba daɓe ba ne, abin da ya fita daga jikin mutane ne ya taru ya daskare shekara da shekaru. Sannan ya kashe fitila. Mu goma sha wani abu ne a ɗakin, numfashi ya yi mana nauyi cikin minti ɗaya. Ɗaruruwa ake cusawa a ciki, wasu su yi makonni suna jiran jirgi. A saman wannan kurkuku kai tsaye aka yi ɗakin ibadar Turawan gidan.

A Elmina kuma abin da ya tsaya mini a rai farfajiyar mata ce, da barandar da gwamna yake tsayawa yana kallonsu daga sama ya zaɓi wadda yake so, da matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa, tsaga ce a bango da mutum ɗaya kawai take ɗauka, shi ma sai ya karkata.

Wannan tarihi ya shafe mu ne, ko na mutanen gaɓa da Turawa ne kawai?

Ya shafe mu, kuma gara mu shiga wurin da wannan sani. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su. Salaga, kasuwar da fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja, ita ma babbar kasuwar bayi ce. Hanyar da ta kawo wa kakanninmu arziki, mutane a ɗaure sun bi ta. A Assin Manso, kimanin kilomita 40 arewa da Cape Coast a kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa, kuma ana iya ziyartarsa.

Akwai wata alaƙar kuma. A yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausa daga Legas, kuma akwai rundunar 'yan sandan mulkin mallaka a ƙasar da aka sani da sunan Hausa. Wasu daga zuriyar waɗannan sojoji da ta fatake su ne tushen zangunan da za ka ci abinci a cikinsu yau.

Za a iya zuwa da yara?

Za a iya, kuma ina ganin yaron da ya kai shekara goma ya kamata ya gani. Ƙanana sosai duhun da zafin suna firgita su. A bar su a farfajiyar sama da wani babba. Ka yi musu bayani tun a mota, kada su fara jin labarin a cikin kurkuku. Hoto ana ɗauka, wani lokaci da ƙarin kuɗi, amma don Allah ban da dariya da tsayuwar ado a ƙofar fita. Akwai baƙaƙen Amurka da na Karibiyan da ke zuwa neman tushensu, za ka gan su suna kuka a wurin.

Gadar sama ta Kakum fa?

Dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. An ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako daga itace zuwa itace, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, wasu wuraren mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Suna lilo, amma akwai raga ta kowane gefe. Kada ka sa ran ganin giwa ko biri; hayaniyar mutane tana korar su. Saman daji za ka gani, kore har iyakar ido. Idan kana so, ka je da sassafen Lahadi kafin motocin 'yan makaranta su iso, amma ka san cewa hakan zai rage maka lokacin Elmina. Ni idan zaɓi ya zama dole, Elmina nake ɗauka.

Ana iya wanka a teku?

A yi hattara sosai. Tekun wannan gaɓa tana da igiyar da ke ja ta ƙasa, ruwa iya gwiwa yana iya kwashe ƙafar babban mutum, kuma yawancin wurare babu masu ceto. Wanda ya koyi iyo a kogi ko kududdufi bai san wannan ruwan ba. Ka tambayi mutanen wurin inda ake shiga, kada ka shiga kai kaɗai, yara kuwa hannunsu a naka. Zama a inuwar kwakwa a Brenu, yamma da Elmina, ko a Anomabo ya wadatar.

Abin da ya fi wanka daɗi shi ne tsayawa a kan gadar Elmina da hantsi, inda tafkin Benya ke haɗuwa da teku. Kwale-kwale ne dogaye masu fenti kala-kala, kowanne da tutoci da rubutu a jikinsa, suna shigowa a jere. Mata suna tsaye da manyan kwanonin silba, ana ciniki da ihu tun kafin kifi ya sauka, hayaƙin banda yana tashi daga bayan gidaje. Ranar Talata masunta ba sa fita, al'adarsu ce, shi ya sa bikinsu na Bakatue yake faɗawa Talatar farko ta watan Yuli. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto. Ba sa son a mai da su abin kallo, kuma suna da gaskiya.

Abinci da salla fa? Musulmi zai sha wahala?

A Accra babu wahala ko kaɗan. Da safe a Nima za ka tarar da mai koko zaune bayan babbar tukunya, tana kwasa da ludayi, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi, ƙosai na soyuwa a gefe. Duk Ghana "Hausa koko" ake kiransa, har waɗanda ba su jin Hausa. Waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, sunanta daga "wake" ne. Tuwon zafi ma da sunansa ake sayar da shi, tsire kuma suna ce masa cicinga.

A gaɓa kifi ne abincin, saboda haka an huta da tambayar yanka. Ka ci dokunun Fante, wani irin tuwon masara da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito. Inda za ka yi tambaya shi ne miya a gidajen abinci, don akan haɗa nama iri-iri har da na daji. Cape Coast tana da zango kusa da kasuwar Kotokuraba, da masallatai da masu abinci Musulmi, Elmina ma haka. Kusan kowane gari a hanyar, idan ka ce "ina zango?" za a nuna maka. Ka riƙe buta da darduma a mota.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Damina babba a kudancin Ghana daga Afrilu zuwa Yuli take, ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni, sai ƙarama a Satumba da Oktoba. Agusta akwai sanyi-sanyi da daɗin tafiya. Disamba cike take da baƙi daga ƙasashen waje, masauki yana tsada. Idan kana son biki, Fetu Afahye na Cape Coast yana kaiwa ƙololuwa a Asabar ta farko ta Satumba, Aboakyer na Winneba kuma Asabar ta farko ta Mayu. A waɗannan ranaku sai ka kama ɗaki tun da wuri.

Kuɗi da takardu?

Sidi ne kuɗin ƙasar. Ka canza a Accra kafin ka tashi, ka riƙe ƙananan takardu don kuɗin shiga da sayayyar bakin hanya. Baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa a gidajen tarihi. Biya ta waya, wanda suke kira MoMo, ya game ko'ina, amma sai da layin Ghana mai rajista. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, fasfo ya isa, sai katin rigakafin cutar shawara da ake tambaya a shiga ƙasa.

Yaushe zan juyo ranar Lahadi, kuma wace tsaraba zan riƙo?

Ka bar Elmina kafin ƙarfe biyu. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu yana rufewa da sauri, kuma da yammacin Lahadi kowa yana komawa Accra, Kasoa ta sake cushewa. Tuƙin dare a wannan hanya ban yarda da shi ba, ko da direban ya ce ya saba. Idan jirginka na daren Lahadi ne, ka ƙara awa biyu a kan lissafinka.

Tsaraba tana bakin titi. A Yamoransa, da ka fito daga Cape Coast kaɗan, mata sun jera dokunun Fante a kan tebura, yana kwana da yawa bai lalace ba. A yankin Ekumfi akwai abarba mai zaƙi da cikinta fari ne, wadda ko kore take ta nuna. Bandar kifi kuma tun a Elmina za ka saya. Ka sa a naɗe maka ita da takarda, a ƙulle a leda biyu, ka ajiye ta a but ɗin mota.